Maƙalin Bim: Ƙaramin Ƙarfen Da Ke Riƙe Da Wayar Wuta, Kyamara Da Wi-Fi A Saman Gini

Matashin da ya shiga babban kanti, ko ɗakin taro, ko gidan kallon ƙwallo, abu biyu yake fara dubawa: ko Wi-Fi na ja, da kuma inda soket yake don ya sa caji. Ba kasafai ake ɗaga kai a kalli sama ba. Da zai ɗaga, da ya ga cewa intanet ɗin da ake kira marar waya cike yake da wayoyi. Akwai wayar wuta, akwai ta kyamarar tsaro, akwai ta intanet, akwai wadda ta sauko daga fanel ɗin sola, kuma dukkansu a rataye suke a saman kawunan jama'a.

A ginin da aka yi da ƙarfe, abin da ke riƙe da wannan kaya wani ɗan ƙarfe ne da bai cika tafin hannu ba. A shagunan kayan lantarki da sunansa na Turanci ake tambayarsa, wato bim kilam. A Hausance ana iya kiransa maƙalin bim. Duk mai shirin buɗe shagon caji, ko wurin buga gem, ko mai koyon haɗa kyamara da sola, yana da kyau ya san shi, domin rashinsa ne ke sa a ga waya ta yi ciki kamar igiyar shanya, kyamarar dubban nairori ta faɗo ta tarwatse, wani lokacin ma a wayi gari da gobara.

Mene ne maƙalin bim?

Ƙarfen bim da ake gina sito da masana'anta da rumfar gidan mai, idan aka kalle shi ta baki, siffarsa kamar harafin I ce ko H. Yana da gangar jiki a tsaye, sannan da leɓe mai faɗi a sama da ƙasa. Maƙali kuwa siffar harafin C gare shi, kamar baki a buɗe. Ana zura leɓen bim cikin bakin, a ɗaure wani sukuru mai taurin kai wanda ke cizon ƙarfen, sannan a ɗaure notin kulle a bayansa don kada ya warware. A jikin maƙalin akwai rami da ake zura rodi mai zare, kuma a jikin wannan rodin ake rataye duk abin da ake so.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Lindapter na garin Bradford a Ingila tun 1934 yake ƙera kayan kama ƙarfe ba tare da huji ba. Wasu sunayen da mai bincike zai ci karo da su a intanet sun haɗa da Caddy, Unistrut da B-Line.

Me ya hana a huda ko a yi walda?

Wannan ita ce tambayar da kowa ke yi, tunda mai walda na nan a bakin titi, injin huji kuma ba wuyar samu yake ba.

Idan bim ya ɗauki nauyin rufi, yana ɗan lanƙwasawa ko da ido bai gani ba. A tsakiyar tsawonsa, leɓen sama matsuwa yake yi, na ƙasa kuma ja ake yi masa kamar roba. Wannan leɓen na ƙasa, wanda ya fi sauƙin kaiwa da tsani, shi ne ke shan mafi yawan wahala. Duk hujin da aka yi masa an rage naman ƙarfen da injiniya ya lissafa, kuma daga bakin huji tsagewa ke farawa. Shi ya sa ba a huda bim ɗin gini sai da amincewar injiniyan da ya san lissafinsa.

Walda kuma tana ƙona fenti ko rufin zinki da ke kare ƙarfe, sai tsatsa ta samu ƙofa. Hayaƙin zinkin da ya ƙone yana sa zazzaɓi ga wanda ya shaƙa. Ga tartsatsi, wanda a shagon da ke cike da atamfa ko katifa ko kwali ba abin wasa ba ne. Sannan abin da aka yi wa walda ya zauna ke nan. Ranar da mai haya zai tashi, ko aka so matsar da kyamara taku biyu, sai an kawo injin yanka.

Maƙali ba ya buƙatar wuta, ba ya buƙatar janareta. Sifana ɗaya ta isa. Idan aka canza shawara, a kwance shi a matsar.

Kayan da ke tafiya tare da shi

Maƙali shi kaɗai ba ya aiki. Akwai 'yan rakiyarsa:

Rodi mai zare: dogon ƙarfe ne mai zare daga farko har ƙarshe. Ana kiran girmansa da M6, M8, M10 ko M12, lambar tana nufin kaurinsa a milimita. Shi ke ba da damar sauko da kaya daidai tsayin da ake so.

Zoben bututu: shi ke rungume bututun da wayar wuta ke bi ta ciki, na ƙarfe ne ko na roba.

Ƙugiya mai siffar J: an yi ta ne don wayar intanet da ta kyamara. Cikinta mai faɗi ne, ba ta da kaifi, don waya ta kwanta ba tare da ta karye ba.

Ƙarfe mai kwari: wanda aka fi sani da sunan Unistrut. Mafi yawansa milimita 41 ne faɗi da tsayi. Idan aka rataye shi da rodi biyu, ɗaya a kowane gefe, sai ya zama kamar lilo, a ɗora masa bututu da yawa ko tiren waya.

Tiren waya: doguwar hanya ce ta ƙarfe mai huji-huji, ko mai kama da kwando, da ake shimfiɗa wayoyi masu yawa a kai.

Shi kansa maƙalin iri-iri ne. Akwai na zubin ƙarfe mai sukuru, don kaya masu nauyi. Akwai na siririn ƙarfe mai tsalle da ake buga wa guduma ya shige leɓen bim, wanda na ƙananan kaya ne kawai, kamar waya ɗaya ko bututu ɗaya. Akwai kuma wanda aka ƙera musamman don siraran ƙarafan da ake ɗora kwanon rufi a kansu, waɗanda kaurinsu bai wuce milimita 2 ko 3 ba. Idan aka ɗaure maƙalin babban bim a jikin irin wannan siririn ƙarfe, sukurun lanƙwasa shi zai yi, riƙon ya zama na banza.

Abubuwa huɗu kafin a biya kuɗi

Na farko, kaurin leɓen bim. Kowane maƙali yana da iyakar buɗewar bakinsa. A auna leɓen kafin a tafi kasuwa, a kuma duba ko shimfiɗaɗɗe ne ko mai gangare, domin wasu ƙarafan leɓensu ya fi kauri a ciki, ya sirance a baki, kuma ba kowane maƙali ke zama daram a kan gangare ba.

Na biyu, nauyin da zai ɗauka. Kamfanin kirki yana rubuta iyakar nauyin a jikin kwali ko a takardar bayani, sau da yawa da ma'aunin kN. Kowane 1 kN ya yi daidai da kusan kilo 102. Maƙalin da babu suna, babu lamba a jikinsa, babu wanda zai iya rantsuwa a kan abin da zai ɗauka.

Na uku, zare. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Kasuwa cike take da kayan ma'aunin milimita da kuma na inci. Rodin M10 da rodin inci 3/8 a ido kamar tagwaye suke, domin inci 3/8 milimita 9.5 ne. Amma tazarar zaren M10 milimita 1.5 ce, na inci 3/8 kuwa zare 16 ne a kowane inci, wato kusan milimita 1.59. Idan aka haɗa su, ko dai noti ya yi zagaye kaɗan ya cije, ko ya shiga sakwa-sakwa yana rawa. Wanda ya tilasta shi da sifana ya cinye zaren, kuma ranar da nauyi ya hau, zamewa zai yi. A gwada rodi da noti da maƙali tare da hannu tun a shago.

Na huɗu, kariya daga tsatsa. Mai ƙyalli da aka yi wa siririn rufin zinki na cikin ɗaki ne. Na waje, kamar rumfar gidan mai ko ƙarƙashin fanel ɗin sola inda damina ke dukansa, ana son wanda aka tsoma cikin narkakken zinki, ko kuma na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Yadda ake lissafin nauyi

Waya ta fi yadda ake zato nauyi. Jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1, idan ya kai mita ɗaya, yana da kusan giram 9. Kebul mai jijiya 4, kowace mai murabba'in milimita 16, jan ƙarfen cikinsa kaɗai ya haura rabin kilo a kowace mita. Idan aka haɗa da roba da sulken ƙarfen da ke kewaye da shi, ya wuce kilo ɗaya.

Ga misali da lambobin ƙaddarawa. A ce tire yana da kilo 3 a kowace mita, wayoyin da ke kansa kilo 12. Jimilla kilo 15. Idan tazarar lilo da lilo mita 1.5 ce, kowane lilo na ɗauke da kilo 22.5, wato kowane rodi da maƙalinsa na ɗauke da kilo 11 da ɗoriya. Wannan ba wani nauyi ba ne ga maƙali mai kyau. Amma idan aka ce za a yi tsimi, aka mai da tazarar mita 4.5, nauyin kowane maƙali ya ninka sau 3, kuma tun kafin maƙalin ya gaji, tiren zai fara lanƙwasawa a tsakiya. A kuma tuna cewa tire ba ya zama yadda aka bar shi. Bana mai sola zai ƙara nasa, baɗi mai kyamara ya ƙara nasa. Mai hangen nesa yana barin sarari tun farko.

Game da tazara, dokar wayarin ta Amurka, NEC, ta ce siririn bututun ƙarfe a riƙe shi aƙalla duk bayan ƙafa 10, kusan mita 3, sannan a riƙe shi cikin ƙafa 3 daga kowane akwatin haɗi. Ƙugiyar wayar intanet kuwa, ƙa'idar TIA-569 ta ce kada tazararta ta wuce mita 1.5.

Matakan ɗaurawa

1. A kashe wuta daga babban makunni, a gwada da na'urar gwaji a tabbatar babu wuta. Ɗaukewar wutar NEPA ba kashewa ba ce, tana iya dawowa ba sallama. Haka inbata da batir, su ma a raba su.

2. A ja layi da zare ko fitilar leza daga farkon hanya zuwa ƙarshe, a yi alama a wurin kowane maƙali.

3. A goge ƙura da maiƙo da ɓawon tsatsa daga leɓen bim.

4. A zura maƙalin har ƙurya, leɓen ya shige bakinsa gaba ɗaya. Wanda ya kama gefen leɓe kawai jiran ranar faɗuwa yake yi.

5. A ɗaure sukurun da hannu har ya taɓa ƙarfe, sannan a ƙara da sifana gwargwadon yadda kamfanin ya rubuta. Yawanci ƙarin ɗan kaɗan ne. Ɗaurin ƙarfi da yaji yana wage bakin maƙalin, zubin ƙarfe ma yana iya tsagewa.

6. A ɗaure notin kulle. Shi ne aka fi mantawa, alhali shi ke hana girgiza ta warware sukuru.

7. A zura rodin ya ci zare sosai, a sa washa da noti, a tabbatar ya sauko a miƙe. An ƙera maƙali ya ɗauki nauyi daga sama zuwa ƙasa, ba a ja shi ta gefe ba.

8. Inda akwai girgiza, kamar kusa da babban janareta ko injin niƙa, a ƙara ɗamarar ƙarfe da ke zagaye leɓen bim ta riƙe maƙalin.

9. A haɗa tire da bututun ƙarfe da wayar at. Kada a ce ai yana manne da ƙarfen gini. Fenti da tsatsa ba sa barin wuta ta wuce yadda ya kamata, kuma ranar da waya ta fashe ta taɓa tire, wayar at ce za ta sa bireka ta faɗi kafin wani ya taɓa.

Igiyar roba da darasin da aka koya da rayuka

Abin da aka fi gani a shaguna shi ne 'yar igiyar roba mai haƙora, wadda ake zargewa a ja. Tana da arha, tana da sauri, kuma tana da amfani wajen tattara wayoyi su yi kyau a kan tire. Amma ba a yi ta don ɗaukar nauyi ba. Fara daga cikinta rana na cinye ta. Zafin ƙarƙashin kwano a watan Afrilu da bushewar hunturu suna sa ta ƙeƙashe, har ta riƙa karyewa da ɗan taɓi. Idan gobara ta tashi kuwa, ita ce farkon narkewa.

Wannan batu ya ci rayuka a Ingila. A 2005, gobara ta tashi a wani dogon bene mai suna Harrow Court a garin Stevenage, inda 'yan kwana-kwana biyu suka rasu, kuma bincike ya nuna wayoyin da suka zubo bayan robar da ke riƙe da su ta narke sun harɗe ɗaya daga cikinsu. A 2010 aka sake rasa wasu biyu a Shirley Towers da ke Southampton, nan ma wayoyin da suka faɗo na cikin abin da bincike ya yi magana a kai. Bayan haka aka gyara dokar wayarin ta ƙasar, BS 7671. Gyaran 2015 ya wajabta riƙe waya da abin da wuta ba za ta yi saurin kayarwa ba a hanyoyin fita, bugun 2018 kuma ya faɗaɗa dokar ta shafi ko'ina a cikin gini.

Duk wanda ya san yadda lungunan kasuwanninmu suke, da yadda wayoyi ke ratsawa daga rumfa zuwa rumfa, ya san wannan darasi bai tsaya a Ingila ba. Cikin hayaƙi da duhu, wayar da ta zubo a bakin ƙofa tarko ce.

Abin da ya shafi intanet da kyamara

Wayar intanet ba ta son wulaƙanci. A cikinta akwai siraran wayoyi 8 da aka murɗa biyu-biyu, kuma wannan murɗin ne ke kare saƙo daga hayaniyar lantarki. Idan aka shaƙe ta da igiyar roba, ko aka karya ta a kan kaifin ƙarfe, ko aka bar nauyinta na jan ta, murɗin na lalacewa. Sakamakon shi ne layin da ya kamata ya ba da gigabit 1 ya koma megabit 100, ko kyamara ta riƙa ɗaukewa tana dawowa, a yi ta zagin kamfanin sadarwa alhali laifin na saman silin. Ƙa'ida ita ce kada lanƙwasar ta matse fiye da ninki 4 na kaurin wayar, kada tsawonta ya wuce mita 100, kuma a ware mata hanyarta daban da ta wayar wuta.

Da yawa daga cikin kyamarori da na'urorin Wi-Fi na yanzu ta cikin wannan wayar suke samun wutarsu, fasahar da ake kira PoE. Ta fara da wat 15.4 a 2003, ta kai wat 30 a 2009, sannan wat 90 a 2018. Ma'ana wayoyin na ɗan ɗumi, don haka ɗaure su dami guda a matse a ƙarƙashin kwano mai zafi ba dabara ba ce.

Na'urar Wi-Fi kuma ba ta shiri da ƙarfe, domin ƙarfe na tare sigina yana mai da shi baya. Wadda aka cusa a cikin kwarin bim, rabin ɗakin ba zai same ta da kyau ba. Maƙali da ɗan guntun rodi sun isa su sauko da ita ƙasa da bim, ta ga ɗakin gaba ɗaya. Kyamara kuwa akasin haka take so: gajeren rodi mai kauri, domin dogo siriri yana rawa da iska, hoton ya riƙa girgiza.

Bututun roba ma yana da halinsa. Kowace mita tana ƙara kusan milimita 0.06 idan zafi ya ƙaru da digiri 1. Layin mita 30 da ya ga bambancin digiri 30 tsakanin asubar hunturu da tsakar ranar bazara zai motsa fiye da santimita 5. Idan aka shaƙe shi a kowane zobe, zai yi ta maciji ko ya ɓalle a mahaɗa. Ana barin masa damar zamewa, a kuma sa mahaɗar da ke buɗewa da rufewa.

Inda maƙali ba ya aiki

Yawancin gidaje da shagunan unguwa bim ɗinsu na kankare ne, rufinsu kuma na katako. Maƙalin bim ba shi da abin kamawa a nan. Kankare ana huda shi ne a sa noti mai buɗewa a ciki, tare da kaucewa rodin da ke cikin zubin. Katako kuma sukurun katako yake so.

Haka nan, ba a rataye waya a jikin bututun ruwa, ko a siraran wayoyin da ke riƙe da silin, ko a jikin wata wayar wutar. Fankar sama, saboda juyi da girgizarta, tana buƙatar mariƙin da aka yi dominta. Sannan akwai wani babban maƙali da ake ɗaga inji da shi da sarƙa, wanda sunansu ɗaya amma aikinsu daban. Maƙalin waya ba na ɗaga kaya ba ne, ba kuma na ɗaure igiyar tsaron mutum ba ne.

Wayar hannu na iya taimakawa

Mai shago ba sai ya hau tsani ba kafin ya san ko an yi masa aikin kirki. Ya jawo hoto da kyamarar wayarsa daga ƙasa, ya duba: akwai notin kulle? Leɓen ya shige har ƙurya? Rodin a miƙe yake? Akwai jan tsatsa? A kasuwa kuma, ya ɗauki hoton lambar da ke jikin maƙalin, ya nema a Google, ya karanta takardar kamfanin ya ga nauyin da aka rubuta. Kafin a rufe silin, ya ɗauki bidiyon duk hanyar da wayoyi suka bi ya ajiye, zai yi masa rana lokacin gyara.

Haɗa wutar kanta aikin mai lasisi ne. A Najeriya hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke duba ayyukan lantarki da ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa, kuma mai gini na da damar ya nemi ganin wannan takarda kafin ya ba da aiki. Idan aka kawo masa lissafin kuɗi ya ga an rubuta maƙali da rodi da ƙugiya, kada ya ce a cire a sa igiyar roba don a rage tsada. Kuɗinsu duka bai kai na kyamara ɗaya da za ta faɗo ba, balle kayan shago gaba ɗaya.